Bakin Ɗinki: Aikin da Ake Yi a Cikin Riga

Uwargida mai keken ɗinki a ɗaki, yau shirin naki ne.

Ki juya rigar da kika ɗinka ki duba cikinta. In kin ga zare yana leƙowa daga inda almakashi ya bi, to aiki bai ƙare ba. Yadi saƙa ne, zaren tsaye da na kwance sun sarƙe da juna, da zarar an yanka sai na bakin ya rasa abin kamawa. Kowane wanki yana zare kaɗan, har ɓarnar ta iso kan ɗinkin. Shadda ta fi atamfa saurin tsefewa. Abin takaici ne a sayo yadi mai tsada a Kantin Kwari, a ɓata dare ana ɗinkin Sallah, sannan riga ta buɗe a hamata.

Teloli suna da inji na musamman mai yanke baki yana naɗe shi da zare. Keken ƙafa irin Butterfly, ko tsohon Singer, miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi. Wannan ma ya wadatar, in kin iya ɗinkin da ake kira na Faransa.

Ki haɗa ƙyallen biyu, fuskar yadin tana waje, wato akasin yadda kika saba. Ki ɗinka, ki bar santimita 1 daga baki. Sai ki rage bakin da almakashi ya koma kamar milimita 3. Kada ki yi ƙyuyar wannan ragin, don in kin bar shi da yawa, zare zai fito ta fuskar rigar. Ki juya, ki danne da dutsen guga, ki sake ɗinkawa a milimita 6. Ɗanyen bakin ya shige ciki ke nan. A ganina babu kamarsa ga kayan yara, domin ba ya ƙaiƙayi a fata.

Yadi mai kauri kuwa, kalmasa ta fi: ki yi ɗinkin da kika saba, ki ware bakin biyu, ki ninke kowane baki, ki bi shi da ɗinki.

Masu ƙona baki da kyandir, a yi hattara. Yadin roba ne ke narkewa ya liƙe, auduga kamawa take yi da wuta.

Saura wuya da hamata, inda ɗinki ke lanƙwasa. Nan ki yanko siririn ƙyalle a karkace, domin yankan karkace yana miƙewa ya bi lanƙwasar, ki naɗe bakin da shi.