Yadda Kambodiya ke tunawa da waɗanda Khmer Rouge ta kashe

Daga 17 ga Afrilun 1975, ranar da mayaƙan Khmer Rouge suka kama Phnom Penh, babban birnin ƙasar, zuwa Janairun 1979, mutum miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 suka salwanta a Kambodiya sanadin kisa da yunwa da cuta da aikin dole. Cikinsu har da Musulmi 'yan ƙabilar Cham, waɗanda aka rushe musu masallatai. Galibin mamatan a ramuka aka zuba su, ba wanka ba jana'iza. Wannan rashin kabari ne ya sa taron jama'a da aikin fasaha suka ɗauki nauyin juyayi.

Duk ranar 20 ga Mayu jama'a kan taru a Choeung Ek, filin kisa na bayan garin Phnom Penh, inda aka jera dubban ƙoƙunan kai a cikin hasumiya. Malaman addinin Buddha kan yi addu'a, a ƙona turare, ɗalibai sanye da baƙaƙen kaya su kwaikwayi yadda aka yi kisan a gaban tsofaffin da suka gani da idonsu. A bikin Pchum Ben kuma iyalai kan kai abinci wuraren ibada da sunan 'yan'uwan da suka rasu.

Aikin masu fasaha ya fi ratsa zuciya, domin su ma mulkin Khmer Rouge ya kusa ƙarar da su. Vann Nath yana cikin 'yan tsirarun da suka fita da rai daga kurkukun Tuol Sleng, tsohuwar makarantar sakandare. Iya zane ne ya cece shi, aka sa shi zana hoton Pol Pot, shugaban Khmer Rouge. Bayan faɗuwar mulkin sai ya zana azabar da aka yi wa fursunoni, zanen nasa na rataye a ɗakunan kurkukun har yau. Rithy Panh, wanda ya rasa iyayensa yana yaro, bai samu hotunan rayuwar sansanonin aiki ba, sai ya yi amfani da ƙananan mutum-mutumin yumɓu a fim ɗinsa The Missing Picture na 2013.

Arn Chorn-Pond, wanda busa sarewa ta tserar da shi, ya koma ƙasar bayan gudun hijira ya nemo tsofaffin makaɗa da suka rage domin su koyar da matasa. Daga wannan yunƙuri na 1998 ƙungiyar Cambodian Living Arts ta samo asali.