Kifin da Ake Nema da Ma'aunin Zafi

Cikin manyan tafkuna biyar na yankin iyakar Amurka da Kanada, Eri ne mafi ƙarancin zurfi. Matsakaicin zurfinsa mita 19 ne, inda ya fi zurfi mita 64, ɓangarensa na yamma kuwa, wajen Toledo a jihar Ohayo inda nake zaune, matsakaicinsa bai wuce mita 7 zuwa 8 ba. Shi ya sa yake saurin ɗaukar ɗumi, yake saurin hucewa, kuma ya fi 'yan'uwansa daskarewa da hunturu. Duk rayuwar kifin da ake kira bas mai ƙaramin baki a kan wannan hawa da saukar zafin ruwa take tafiya.

Ba wani ƙaton kifi ba ne. Yawancin waɗanda ake kamawa kilo 1 ne zuwa 2. Jikinsa launin tagulla, da zane-zane masu duhu a tsaye a haƙarƙari, ido ja-ja, muƙamuƙinsa kuma bai wuce saitin idonsa ba, wanda shi ke bambanta shi da ɗan'uwansa mai faɗin baki. Farin jininsa daga faɗa ne. Da ƙugiya ta kama shi sai ya yo sama, ya yi tsalle ya bar ruwa yana girgiza kai, ya sake nutsawa ƙarƙashin kwale-kwale. Don wannan kokawar ta 'yan mintoci mutane ke sayen lasisi, su ja jirgi a bayan mota tun daga wata jiha. Idan sun kama, su cire ƙugiya, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa. Mu da muka tashi a bakin kogi a Yawuri, inda kifi ko tukunya ko kasuwa, sai mun daɗe kafin wannan ya zauna mana. Mai neman na ci a Eri wasu kifayen yake bi.

Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'antar mota, shi ya fara ɗaukata a jirginsa. Ba ya duban kalanda. Da ya tayar da inji, idonsa na kan ɗan allon na'urar da ke nuna zurfi da zafin ruwa. "Samari," in ji shi, "kifin nan bai san Mayu ba, bai san Yuni ba. Digiri kawai ya sani."

Da hunturu babu labari mai yawa. Idan ruwa ya yi ƙasa da digiri 10 jikin kifin ya mutu, su taru a zurfi, su rage ci. Sai ƙanƙara ta narke, ruwa ya fara ɗumi a Afrilu, sannan su fara matsowa bakin gaɓa da kewayen tsibirai, suna ci da haɗama don shirin ƙwai.

Wajen digiri 15 zuwa 18, galibi daga tsakiyar Mayu zuwa Yuni, namiji yakan sami wuri mai tsakuwa a ruwa marar zurfi, ya share laka da wutsiyarsa, ya yi gurbi zagayayye. Mace ta zo ta zuba ƙwai dubbai, ta yi tafiyarta. Daga nan aiki ya koma kan namiji shi kaɗai: ya riƙa kaɗa ruwa a kan ƙwai don su sami iska, ya kori duk mai matsowa, bayan ƙyanƙyasa kuma ya ci gaba da tsaron 'ya'yan har su watse. Makonni yake yi a haka, da ƙyar yake cin wani abu, ya rame. Kamar kaza mai 'ya'ya yake, ko me ka jefa kusa da gurbin sai ya kai masa cafka, ba don yunwa ba, don ya kawar da shi. Saboda haka babu lokacin da ya fi sauƙin kamu irin wannan. A ruwa mai haske kana tsaye a jirgi kana ganinsa a kan gurbinsa, ka jefa masa ƙugiya ka sake jefawa har ya harzuƙa.

Da can ana cewa ai ba komai, tunda za a sake shi ya koma. Abin da ya rushe wannan hujja wani ɗan kifi ne baƙo, gobi, mai tsawon ɗan yatsa zuwa tafin hannu, mai manyan idanu a saman kai. Asalinsa yankin Baƙin Teku ne da Tekun Kasfiya. Ya iso cikin ruwan da manyan jiragen dakon kaya ke ɗiba don daidaita nauyinsu, su zubar idan sun iso tasha. An fara ganinsa a kogin San Kiliya a 1990, cikin 'yan shekaru ya cika ƙasan Eri. Masu bincike na Jami'ar Jihar Ohayo sun sa kyamara a gurabe a kewayen tsibiran yammacin tafkin. Muddin namiji yana nan gobi ba ya kusanta. Da an ɗaga shi sai su auko, kuma a lissafinsu cikin kamar minti 15 za su iya share gurbi tas. Ke nan lokacin da mai fatsa yake murmushi ana ɗaukarsa hoto, ƙwan kifin da ke hannunsa ake cinyewa a ƙasa. A 2004 Ohayo ta hana tafiya da bas gida daga farkon Mayu zuwa ƙarshen Yuni, daga baya ta ɗan sassauta. A ganina dokar ta tsaya a rabin hanya, don ba a tukunya kaɗai ɓarnar take ba. Ni dai na bar jefa ƙugiya a gurbi. Maƙwabcina bai bari ba. Ya ce yana maido da kifi cikin daƙiƙu, kuma shekara da shekaru ana yi bas bai ƙare ba. Mun bar maganar a nan, tunda jirginsa ne.

Sai dai gobin nan ba sharri kaɗai ya zo da shi ba. Shi ke cin ƙwan bas, amma da bas ya ɗan tasa, gobi ne abincinsa. Ba ya da jakar iska a ciki, don haka a ƙasa yake zaune kan duwatsu, ga yawa, ga maiƙo. Tun zuwansa bas ɗin Eri suka fi saurin girma da ƙiba. Har wani macijin ruwa na tsibiran nan da ya kusa ƙarewa ya farfaɗo da cin gobi, aka cire shi daga jerin halittun da ke cikin haɗari a 2011. Masu ƙera abin yaudarar kifi ma sun bi sahu: yau rabin robobin da ke akwatin maƙwabcina launin gobi ne, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo.

Daga Yuli, ruwan sama-sama ya yi zafi, kifi ya koma mita 6 zuwa 12, inda tudun duwatsu ya gangara. Nan fatsa ta zama aikin haƙuri. A ɗaura dalma a ƙarshen zare, ƙugiya da 'yar roba mai laushi a ɗan sama da ita, a sauke har dalma ta taɓa dutse, a bar iska ta ja jirgi a hankali. Ba a fizga. Ɗan karkarwar hannu ya isa. Sau da yawa ba za ka ji cizo ba, nauyi kawai za ka ji ya ƙaru. Kifin da aka jawo da sauri daga zurfi sosai jakar iskarsa takan kumbura, ya kasa nutsewa, ya yi ta yawo a rigingine a sama, don haka masu hankali ba sa bin na can ƙasa. A ƙarshen zafi kuma ƙasan tsakiyar tafkin yakan rasa iskar shaƙa, kifi ya gudu, wurin da ya yi albarka makon jiya ya zama wayam.

Wanda ya san tafkin, Oktoba da Nuwamba yake jira. Masu yawon shaƙatawa sun watse, ruwa na saukowa daga digiri 18 zuwa 10, bas sun haɗu garke-garke suna bin ƙananan kifaye don tara kitsen hunturu. Za ka yi awoyi ba ko taɓawa, ka faɗa kan garke, hannu ya gaji. Lokacin ne kuma tafkin ya fi mugunta. Yana kwance ne daidai hanyar iskar kudu maso yamma, ga rashin zurfi, sai igiyar ruwa ta tashi gajera-gajera, a tsaye, cikin rabin awa. Iska mai ƙarfi takan tura ruwa daga Toledo ya taru a Bafalo da ke ɗaya ƙarshen tafkin, nan gaɓa ta bushe, can ambaliya. Wanda ya faɗa ruwa mai digiri 8 ba rigar ceto, ba ya daɗewa hannuwansa su daina aiki.

Mafi girman bas mai ƙaramin baki da aka tabbatar a duniya ba a Eri aka kama shi ba. Dabid Hayis ne ya jawo shi a tafkin Del Holo, kan iyakar jihohin Kentaki da Tenesi, a Yulin 1955, nauyinsa kilo 5.4.  A Nuwamban 2022 kuwa wani mutumin Ohayo, Gireg Galaga, ya kama mai kilo 4.6 a ruwan Eri na ɓangaren Ontariyo a Kanada, mafi girma da aka taɓa tabbatarwa a manyan tafkunan biyar. Wannan ba a mayar da shi ruwa ba, masana suka duba shi. Mace ce, shekarunta 16.