Motar alfarma mai fetur da lantarki: Me ke jiran wanda ya saya?

Tun bayan da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu manyan motoci suka shiga lissafin da a da ba su damu da shi ba.

Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kana ta zarce naira 1,000 a shekarar 2024.

Hakan ya sa hankalin wasu ya karkata ga motocin da ke haɗa injin fetur da na lantarki, waɗanda ake kira haibirid. Cikinsu har da na alfarma irin su Lexus, waɗanda akasari kan shigo ƙasar a matsayin gwanjo daga Amurka.

To sai dai irin wannan mota, musamman wadda ta kwana biyu, tana da nata sharuɗɗan. Wanda ya saye ta bai san su ba, yana iya amayar da abin da ya yi tsimi a gidan mai, har ma da ƙari, a gareji.

Daga ina suka samo asali?

Kamfanin Toyota na Japan ne ya fara ƙera motar haibirid da yawa domin sayarwa, lokacin da ya fito da Prius a 1997.

Daga bisani ya kai wannan fasaha ga Lexus, wato reshensa mai ƙera motocin alfarma. A 2006 aka fito da GS 450h, ɗaya daga cikin motocin salun na alfarma na farko masu wannan tsari, sai kuma LS 600h a 2007, mai inji silinda 8, wadda kuɗinta a Amurka ya ɗara dala dubu 100.

Jamusawa sun biyo baya. A 2009 Mercedes-Benz ya fito da S400 Hybrid mai batirin litiyam, ko da yake injin lantarkinta ƙarami ne, kuma ba ya iya tafiyar da motar shi kaɗai.

A 2012 ne Lexus ya gabatar da ES 300h, mai inji silinda 4, wadda ta yi tarayya da Toyota Camry da Avalon a kayan inji.

A birnin Landan, an daɗe ana yafe wa irin waɗannan motoci harajin shiga tsakiyar gari da aka ƙaddamar a 2003. An sauya dokar a farkon 2011, bayan sukar da aka riƙa yi cewa wasu manyan motocin haibirid sun fi ƙananan motocin fetur fitar da hayaƙi.

Yaya motar ke aiki?

A tsarin Toyota da Lexus, motar na ɗauke da injin fetur, da injinan lantarki guda biyu, da kuma babban batir da aka ajiye a bayan kujerar baya ko a ƙarƙashinta.

Ba a jona ta da wutar gida. Injin fetur ne ke cajin batirin, haka kuma duk lokacin da direba ya taka birki, injin lantarki kan mayar da wani ɓangare na ƙarfin gudun motar zuwa wuta ya adana.

Idan aka tsaya a danja ko aka shiga cunkoso, injin fetur kan mutu da kansa, motar ta ci gaba da jan ciki da lantarki. Da an buƙaci ƙarfi kuma, sai ya tashi.

Kwamfuta ce ke tsara wannan aiki, kuma ba ta barin batirin ya cika fal ko ya ƙare sarai, domin tsawaita rayuwarsa.

Shin da gaske tana tsimin mai?

Amsar ta danganta ne da irin motar da kuma inda ake tuƙa ta.

Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka sun nuna cewa ES 300h ta 2013 na yin kimanin kilomita 17 da litar mai guda, yayin da 'yar'uwarta ES 350 mai fetur zalla ke yin kimanin kilomita 10.

Amma a wajen LS 600h ta 2008 bambancin kaɗan ne. Tana yin kusan kilomita 9 da lita guda, ita kuwa LS 460 mai fetur zalla kimanin 8. A doguwar hanya ma, mai fetur ɗin ta ɗan fi ta tsimi.

Dalili kuwa shi ne an sanya wa LS 600h lantarki ne domin ƙara mata ƙarfi da rage ƙara, sannan ga nauyin batir da take ɗauke da shi. Batirin ya kuma cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na but ɗin samfurin farko.

Saboda haka, wanda yawancin zirga-zirgarsa a cikin cunkoson Legas ko Kano take, shi ne zai fi ganin amfanin haibirid. Mai yawan doguwar tafiya, kamar daga Abuja zuwa Sakkwato, ribarsa ba za ta kai haka ba.

Batir nawa ne tsawon ransa?

Nan ne gizo ke saƙar. Batirin GS 450h da na LS 600h na nikel ne, mai ƙarfin bolt 288, kuma ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyi 240 da aka jera a rukuni-rukuni.

A Amurka, kamfanin ya daɗe yana bayar da garantin shekara 8 ko tafiyar kilomita dubu 160 a kan batirin. Daga motocin 2020 ya ƙara zuwa shekara 10 ko kilomita dubu 240.

Batura da yawa kan wuce wannan wa'adi suna aiki. Amma abin lura shi ne, motar da aka ƙera a 2008 ko 2013 garantinta ya riga ya ƙare, kuma mai sayenta yana sayen abin da ya saura ne na rayuwar batirin.

Alamomin gajiyarsa sun haɗa da saurin cika da saurin saukar ma'aunin caji, da yawan tashin injin fetur ko da mota na tsaye, da ƙarar fanka daga bayan kujera, da kuma ƙaruwar shan mai.

Sabon batir kan ci dubban daloli. Wannan ne ya sa wasu kanikawa kan buɗe shi su sauya rukunin da ya mutu kaɗai. Gyaran na da rangwame, sai dai sauran rukunan sa'o'in wanda ya mutu ne, kuma sau da yawa wani kan bi sahu cikin watanni.

Zafi, ƙura da dogon zama

Abubuwa uku ne suka fi cutar da batirin, kuma biyu daga cikinsu ruwan dare ne a arewacin Najeriya da Nijar.

Na farko shi ne zafi, wanda ke gaggauta tsufan kowane irin batir. Motocin Lexus na sanyaya nasu ne da iskar da wata fanka ke zuƙowa daga cikin motar, ta wasu kafofi da ke kusa da kujerar baya.

Don haka kunna na'urar sanyaya mota a lokacin bazara na amfanar batirin kamar yadda yake amfanar fasinja. Haka ma ajiye mota a inuwa. Toshe kafofin da jaka ko sallaya kuwa kan jawo masa illa.

Na biyu ita ce ƙura. A lokacin hunturu takan taru a jikin fankar har iska ta ragu, shi ya sa ya dace a riƙa buɗe ta ana sharewa a kai a kai.

Na uku shi ne dogon zama. Masu motocin alfarma kan ajiye su sai ranar Juma'a ko ranar biki, alhali haibirid ta fi lafiya idan ana hawanta.

Baya ga babban batirin, akwai ƙarami mai bolt 12 wanda ke tayar da kwamfutocin motar. Idan ya mutu, mota ba za ta tashi ba ko da babban a cike yake.

A lokacin kullen korona a 2020, reshen Toyota na Birtaniya ya shawarci masu haibirid da su riƙa kunna motar na kimanin sa'a guda a kowane mako. Ana yin haka ne a sarari, domin injin fetur na iya tashi ya cika rufaffen gareji da hayaƙi.

Kurakuran da ake yi wajen gyara

Wayoyin da ke ɗauke da babbar wuta an lulluɓe su ne da roba mai launin ruwan lemo. Wutar na iya kaiwa bolt 650, abin da zai iya hallaka mutum, don haka wanda bai samu horo ba bai kamata ya taɓa su ba.

Kwamfuresar na'urar sanyaya motar da lantarki take aiki, kuma tana buƙatar mai na musamman wanda wuta ba ta ratsa shi. Idan mai gyara ya zuba mata man motocin da aka saba, wuta na iya tsiyaya, kwamfuta kuma ta hana motar tashi.

Inbata, wato na'urar da ke sarrafa wuta tsakanin batir da injinan lantarki, tana da nata ruwan sanyi da famfo daban da na inji. Akan manta da su a lokacin sabis, kuma ƙonewar inbata asara ce babba.

Ba a tura haibirid domin ta tashi. Ba a kuma janta da igiya tayoyin da ke tuƙa ta suna ƙasa, sai dai a ɗora ta kan babbar mota. Barin mai ya ƙare ƙarƙaf ma na iya tsotse batirin.

Akwai kuma inda ta fi sauƙi. Ba ta da altaneta da kik irin na sauran motoci, kuma birkinta kan daɗe bai cinye ba.

Ƙarin kaya da ƙawata mota

Sauya tsohon allon gaban direba da sabo mai haɗuwa da wayar salula abu ne mai yiwuwa. Sai dai a wasu samfuran allon ne ke sarrafa na'urar sanyaya mota, kuma idan aka sanya wanda bai dace ba za a rasa wasu ayyuka.

Manyan wili da faffaɗan taya na ƙara kyau, amma suna ƙara shan mai, suna rage laushin tafiya, kuma sun fi saurin lanƙwasa a ramuka.

Manyan lasifiku da ƙarin fitilu kan ɗora wa ƙaramin batir nauyi. Sulken kariya daga harsashi kuwa na ƙara wa mota nauyin da zai gajiyar da birki da batir.

Yawancin LS 600h na tafiya ne kan jakunkunan iska maimakon sifirin. Idan suka tsufa suka fara yoyo, wasu kan maye gurbinsu da sifirin na ƙarfe, abin da ke rage kuɗin gyara, tare da rage laushin da aka san motar da shi.

Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ke sayar da batirin litiyam a madadin na nikel. Ya fi rashin nauyi, amma an tsara kwamfutar motar ne bisa ɗabi'ar nikel, kuma ingancin irin waɗannan batura ya bambanta.

Me ya kamata a duba kafin saye?

Yawancin motoci na da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17. Da ita ake iya binciko tarihin motar da ta fito daga Amurka, ciki har da ko ta taɓa yin haɗari ko ambaliya ta ci ta.

Wannan na da muhimmanci, domin motocin da kamfanonin inshora suka yi watsi da su akan yi gwanjonsu, wasu kuma su ƙare a tashoshin jiragen ruwan Legas da Kwatano. Ruwan da ya shiga batir ko wayoyi kan ɗauki lokaci kafin ɓarnarsa ta bayyana.

Haka kuma ya dace a jona motar da kwamfutar bincike domin a ga ƙarfin kowane rukuni na batirin, a kuma yi tafiya mai ɗan nisa da ita, tun da ana iya goge alamar gargaɗi kafin a kai mota kasuwa.

Wani abin dubawa shi ne kayan gyara. Na ES 300h sun fi samuwa saboda dangantakarta da Camry, yayin da aka daina ƙera LS 600h, aka kuma dakatar da jerin GS baki ɗaya a 2020.

Daga ƙarshe, mai niyyar saye zai yi wa kansa gata idan ya fara gano bakaniken da ya san aikin haibirid a garinsu, ya kuma ware kuɗin batir a cikin lissafinsa tun kafin ya biya.