Ledar da Ƙasa ke Cinyewa: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi, ya yada zango a Magamar Jibiya kafin ya tsallaka Ɗan Isa, ya ga yadda baƙar leda ta maƙale a jikin ƙayoyi, ta toshe kwatoci. Mahauta sun fi kowa sanin ɓarnarta, don sau da yawa in sun farke tumbin akuya ko saniya sai su tarar da curin leda a ciki. Tun watan Nuwamban 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma har yau a cikinta mai ƙosai da mai tumatir ke zuba wa mutane kaya, a nan da can.

Me ya hana ta ruɓewa?

Daga man fetur da iskar gas ake yin ta, kuma ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye da kara ba su iya cin ta. Rana takan dagargaza ta, amma ɓurɓushin yana nan cikin gona da ruwa.

Da me za a musanya ta?

Leda dai dogayen sarƙoƙi ne na sinadarai da masana ke kira polima, kuma tsirrai da ƙwari ma suna ƙera nasu. Akwai sitacin rogo da na masara, ga shi Najeriya ce kan gaba a noman rogo a duniya. Akan sarrafa sitacin kai tsaye, ko a bar sukarinsa ya yi tsami ya ba da sinadarin nan da ke tsamama nono, a ƙulla shi ya zama robar PLA.

Ƙaron dakwara shi ma polima ne. Masu bincike sukan narka shi su lulluɓe tumatir da shi, sai ya daɗe bai yi laushi ba. Sai kaitosan, wanda ake tacewa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Akwai tushensa ma a cikin ɓawon farar nan da ake kawowa daga Nijar a buhuna. Shi yakan manne wa jikin ƙwayar bakteriya ya lalata bangonta, shi ya sa ake sa shi a abin naɗe abinci da bandejin ciwo.

Ina za a yi hattara?

Robar PLA sai a juji na musamman mai zafin kusan digiri 60 take ruɓewa da wuri. In aka yar da ita a kwata, za ta daɗe. Akwai kuma ledar fetur da ake zuba wa sinadarin da ke sa ta farfashe, a sayar da ita da sunan mai ruɓewa, wadda Tarayyar Turai ta haramta tun 2021. Ledar sitaci tana da tsada, ba ta kuma jure ruwa sosai. Abin naɗe abinci mai kashe ƙwayar cuta kuwa jinkirta lalacewa kawai yake yi, ba ya gyara naman da ya riga ya juya.

Kafin irin waɗannan su yi arha a kasuwar Jibiya, akwai abin da ke hannu. Fatake sun daɗe suna ɗauko goro daga Gwanja a huhun ganye, ya iso ƙasar Hausa bai bushe ba. Kwandon kaba da jakar buhu ma suna nan, kuma mai zuwa cefane da su ba ya bukatar ledar kowa.