In Ƙwayar Tazarar Haihuwa Ta Dame Ki, Kada Ki Yi Shiru

  

Yau za mu taɓa wata magana wadda yawancinmu muke jin nauyinta, wato ƙwayar da mata suke sha domin tazarar haihuwa. Mun sani ikilisiyoyi ba bakinsu ɗaya ba a kanta. Ikilisiyar Katolika ba ta yarda da ita ba, waɗansu kuwa sun bar wa miji da mata su shawarta tsakaninsu. Ba wannan muhawara ce ta tara mu ba. Abin da ya tara mu shi ne, akwai 'yan'uwanmu mata da suke shan ƙwayar nan yanzu haka, tana damunsu, kunya kuma ta hana su faɗa wa kowa. Mace takan fara sha, bayan mako biyu ta ji tashin zuciya, ta ga ɗigon jini, tsoro ya kama ta, ta jefar da katin a ɓoye. Kafin a ankara ciki ya shiga, ga jariri a baya bai yi ƙwari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba da shawara mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta nemi wani ciki.

Bari mu fara da sanin ƙwayar. Tun 1960 aka yarda da amfani da ita a Amurka, ta tsufa a hannun likitoci, sun san halinta sarai. A cikinta akwai sinadarai masu kama da waɗanda jikin mace yake yi da kansa, aikinsu kuwa shi ne su hana ƙwan mace fitowa kowane wata. Iri biyu ce. Akwai mai sinadari biyu, kamar Microgynon, wadda katinta yakan zo da ƙwaya 28: guda 21 masu aiki, 7 na ƙarshe masu wani launi, waɗanda a kwanakinsu ne al'ada takan zo. Akwai kuma mai sinadari ɗaya, kamar Microlut, wadda akan ba mai shayarwa. Mata 100 da suke sha kullum ba fashi, da ƙyar ɗaya ta yi ciki a shekara. Amma da yake ɗan adam mai mantuwa ne, a zahiri wajen 7 cikin 100 sukan yi.

To, jiki baƙo ya samu, sai ya ɗauki lokaci kafin su saba. Yawancin damuwar da za mu lissafa takan lafa cikin wata uku na fari.

Na fari, tashin zuciya da ɗan jiri. Uwargida, kada ki sha ƙwayar cikinki wayam. Ki sha ta bayan tuwon dare, ko lokacin kwanciya, barci ya rufe sauran. In kika yi amai kafin awa biyu ta cika da shanta, ki sake shan wata, gama ta farin ba ta shiga jiki ba.

Na biyu, ɗigon jini a tsakiyar wata, ko al'ada ta ragu ƙwarai, ko wani watan ta ƙi zuwa. Wannan shi ya fi tsorata mata. Jinin ba taruwa yake yi a ciki ba. Ƙwayar ce ta sa shimfiɗar mahaifa ba ta yin kauri, don haka abin da zai zubo kaɗan ne. Abin da yake ƙara ɗigon nan shi ne fashi, ko shan ƙwaya yau da safe, gobe da dare. Ki tsayar da lokaci ɗaya. Amma in kin yi fashi, al'ada kuma ba ta zo ba, ki je a gwada ko ciki ne.

Na uku, ɗan ciwon kai da nauyin mama. Farasitamol ya isa ga ciwon kai na yau da kullum, tare da shan ruwa sosai, balle a zafin bazara irin namu.

Na huɗu, sauyin hali. Wata takan ji ɓacin rai ko kasala ba dalili. In abin ya daɗe, ko ya yi nauyi har ba ta jin daɗin komai, kada a ce shagwaɓa ce. A koma wurin malamar asibiti, akwai wata ƙwaya ko wata hanya da za ta fi dacewa da ita.

Akwai kuma maganganun bakin rijiya. Waɗansu sun ce ƙwayar tana taruwa a ciki ta zama dutse. Ba haka ba ne, narkewa take yi, jiki ya fitar da ita, shi ya sa ake shanta kowace rana. Waɗansu sun ce tana kashe mahaifa. Wannan ma ba gaskiya ba ne. Mace in ta daina sha tana iya ɗaukar ciki ba da jimawa ba, har ma a watan nan.

Yanzu ku kasa kunne da kyau, gama nan ne batun rai yake. Ƙwaya mai sinadari biyu takan sa jini ya daskare a jijiyar wata mace. Ba kasafai ba ne, amma in ya faru ba ya jira. Ga alamunsa: ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, musamman sha-raɓa, ciwon ƙirji ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, hannu ko ƙafa ya mutu, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Haka kuma ciwon ciki mai tsanani, ko idanu su yi ɗorawa irin na ciwon shawara. Wanda ya ga ɗaya cikin waɗannan, a daina ƙwayar, a nufi asibiti a ranar, ko da kabu-kabu ne, ko da sai an ƙetare Kwara a jirgi. Za mu yi addu'a, amma a kan hanyar asibiti za mu yi ta.

Saboda haka ne akwai matan da bai kamata su sha mai sinadari biyu ba: mai hawan jini, mai shan taba da ta kai shekara 35, wadda ta taɓa samun daskarewar jini ko shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon kai na ɓari ɗaya da yake zuwa da walƙiya a ido, mai ciwon dajin mama ko ciwon hanta mai tsanani, da mai shayar da jaririn da bai kai wata 6 ba. Hawan jini kuwa ba a ganinsa a fuska, sai an auna. Mai shan maganin tarin fuka da ake kira rifamfisin, ko waɗansu magungunan farfaɗiya, ta faɗa wa likita, gama sukan rage ƙarfin ƙwayar.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya shafe mu, mu mazauna bakin iyaka. Kasuwanninmu a haɗe suke da na Benin, kaya suna shiga suna fita, har da magani. Za ka ga kati a faranti cikin rana, rubutunsa da Faransanci, mai tallar bai san abin da ke ciki ba, bai kuma auna jinin kowa ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen magani ɗaya cikin 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci. A shekarar nan ce gwamnatin Benin ta kai samame kasuwar magunguna ta Adjegounle a Kwatano. Ko magani mai kyau ne, zafin rana yana lalata shi. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce a ba da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta da na jihohi. In kuma sai an saya, a saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. Kada ki karɓi ragowar katin maƙwabciya. In damina ta kusa, hanya za ta yi wuya, ki roƙi a ba ki na 'yan watanni, ki ajiye a inuwa inda yara ba sa kaiwa.

In mantuwa ta faru fa? Mai sinadari biyu, in kin manta ɗaya ko biyu, ki sha ɗaya da zarar kin tuna, ki ci gaba yadda kika saba. In uku ne ko fiye, ki ci gaba da sha, amma ku yi haƙuri da juna kwana 7, ko a yi amfani da kwaroron roba, ki kuma nemi shawarar malamar asibiti. Mai sinadari ɗaya ta fi son a kiyaye lokaci, jinkirin da ya wuce awa 3 yana rage ƙarfinta. Mu tuna kuma, ƙwayar ba ta kare kowa daga ƙanjamau.

In wata uku ya wuce jiki bai saba ba, ba dole sai ƙwaya ba. Akwai allura, akwai ashanar fata, akwai robar mahaifa, akwai ƙidayar kwanaki. Amma a sami wata hanyar kafin a saki wannan.

Maigida, kalma ta ƙarshe taka ce. Ranar aure ka yi alkawari a gaban jama'a za ka riƙe ta cikin lafiya da cikin ciwo. Jikinta ne yake ɗaukar wannan nauyi domin gidanku duka. Ka tambaye ta yadda take ji, ka tuna mata da lokacin sha, ka riƙe alamun nan na hatsari a kanka, ka kuma kai ta a auna jininta. Ku kuma iyayenmu na zumuntar mata, in ƙaramarku ta kawo muku kuka, ku rufa mata asiri, ku raka ta asibiti.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Ubangiji ya ba gidajenmu lafiya da salama. Amin.