Zafin da niyasin ke sa wa jiki ba alamar waraka ba ne

Daga kasuwar Tasawa har ƙauyukan Mayahi, magana ɗaya ta zauna a bakin mutane: wai bitamin abinci ne, ko an sha da yawa ba ya cutarwa. Da ita masu yawo da magani a faranti suke cin kasuwa. Niyasin, wato bitamin B3, ya ƙaryata ta. Abin da jikin babba yake buƙata a rana miligiram 14 zuwa 16 ne, kuma gujiya da nama da kifi suna bayar da shi. Amma idan aka ba da shi don rage kitsen jini, adadin yakan kai miligiram 1000 zuwa 2000. Wannan ya tashi daga abinci.

Wanda ya sha da yawa, fuska da wuya da ƙirji sukan ɗau zafi, fata ta yi ƙaiƙayi, wani har jiri ya kwashe shi. Sai ka ji an ce masa, "Ai maganin ne yake korar ciwon." Wace kora? Jijiyoyin jini na fata ne kawai suka buɗe, babu cutar da ta fita. Zafin nan ma shi ne mai sauƙi, don yana wucewa. Mai tsananin ba ya nuna kansa da wuri: hanta tana iya lalacewa a hankali har ido ya yi ɗorawa, a kira shi shawara, a bi shi da jiƙe-jiƙe, ana kuma ci gaba da haɗiyar ƙwayar. A ƙasar da ciwon hanta ya yi yawa kamar Nijar, wannan ganganci ne. Mai ciwon sukari kuwa sukarinsa hawa yake yi, mai gyambon ciki ciwonsa ya tashi.

Wani zai ce ai likitoci suna rubuta shi. Gaskiya ne, amma wani babban gwaji da aka wallafa a 2014, kan mutum fiye da 25,000 a Turai da Sin, ya nuna ƙara niyasin kan maganin kitse bai rage bugun zuciya ba, sai illa da ya ƙara. Inda ake buƙatarsa da gaske, wato cutar ƙarancinsa mai ɓata fata da kawo zawo, nau'in nikotinamid ake bayarwa, wanda ba ya sa wannan zafin, kuma ma'aikacin lafiya ne yake auna shi.

Duk wanda aka ɗora a kan niyasin ya sha bayan cin abinci, ya faɗa wa likita sauran magungunan da yake sha, ya yarda a riƙa gwada masa hanta. Fitsari ya yi duhu, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ido ya canja launi, a ajiye ƙwayar a nufi asibitin gunduma ranar.