Gem a Tafin Hannu: Abin da Ya Rage Ranar da Sabis Ya Ɗauke

(KIƊAN BUƊE SHIRI, A RAGE SAUTI A HANKALI)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Sheme da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, da direbobin da ke kan hanya suna jin mu a rediyon mota. Allah Ya ƙara mana zaman lafiya.

Yau kan gem za mu yi magana, wato wasannin nan da yara da samari ke bugawa a waya ko a wata 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu. Na san akwai iyayen da da jin kalmar nan sai ransu ya ɓaci. Baba, Inna, ku ba ni aron kunnuwanku, akwai rabonku a cikin zancen.

Mutanen wannan yanki ba za su manta da shekarar 2021 ba. A ƙarshen watan Agusta gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama saboda matsalar tsaro. Cikin Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da Funtuwa. Aka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da yawa. Mutum zai yi tafiya mai nisa kafin ya samu inda zai kira ɗan'uwansa ya ce masa lafiya lau muke.

A cikin waɗancan kwanaki na je Sheme gaishe da yayata. Babban ɗanta yana da babbar waya, wadda ya cika da wasannin yaƙi da na ƙwallo irin waɗanda sai da data suke buɗewa. Na tarar da ita a kan taga, ta yi ƙura. Shi kuwa yana zaune a zaure, ƙannensa uku sun yi masa rumfa, a hannunsa 'yar ƙaramar wayar mahaifiyarsa mai tocila, wadda an ɗaure bayanta da kyauro. Wasan maciji suke yi. Macijin ya yi tsawo har ya kusa cika fuskar wayar, babu mai tari a cikinsu, ƙaramin ya riƙe rigar yayan nasa tamau. Da macijin ya ciji jelarsa sai duk suka kwashe da ihu, aka miƙa wa na gaba. Cajin kwana uku ke cikin wayar nan, daga wani ɗan faifan sola da bai fi girman littafi ba. A wannan zauren na fara ganin darajar ƙaramin wasa.

Wasan macijin nan wani injiniya ɗan ƙasar Finlan mai suna Taneli Armanto ne ya tsara wa kamfanin Nokia, ya fito a 1997. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 sai ya biyo ta, ya shiga gidajen da ba a taɓa ganin kwamfuta ba. Kafin shi kuma, waɗanda suka yi yarinta a shekarun 1990 za su tuna da 'yar na'urar nan ta roba mai cin batir biyu, wadda ake jera bulo a cikinta. A jikinta an rubuta wai wasanni 9999 ne a ciki. Da ka fara dannawa sai ka ga 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, a ƙara wa wannan sauri, a juya wancan. In batir ya yi sanyi, hoton ya fara dusashewa, sai a ciro shi a ɗan gartsa masa haƙori ko a shanya shi a rana. Jera bulon nan kwaikwayon Tetris ne, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a birnin Mosko a 1984, a kan kwamfutar wurin aikinsa.

Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Game Boy a 1989, fuskarsa ba launi, batir huɗu na kai shi sa'o'i masu yawa. Abokin hamayyarsa Sega ya fito da Game Gear mai launi da haske, amma yana cinye batir shida cikin 'yan sa'o'i. Game Boy ne ya yi nasara. Shi da ƙaninsa mai launi an sayar da sama da miliyan 118. Mutumin da ya jagoranci ƙera shi, Gunpei Yokoi, ya yi imani da amfani da tsohuwar fasaha mai arha ta sabuwar hanya. Duk wanda ya taɓa zama a garin da wuta ba ta zama zai gane hikimar mutumin nan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

(GAJEREN KIƊA)

To, a yau akwai wani rukuni na wasanni da ake kira indi, wato waɗanda mutum ɗaya ko 'yan mutane kaɗan masu cin gashin kansu ke ƙerawa, babu babban kamfani a bayansu. Sun samu gida a na'urorin hannu irin su Nintendo Switch da ya fito a 2017 da Steam Deck na 2022, domin ba su da nauyi, kuma ana iya buga su minti goma a ajiye.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Stardew Valley. Wani saurayi a Amurka, Eric Barone, ya gama karatun kwamfuta bai samu aikin da yake so ba. Yana aikin nuna wa mutane kujera a gidan wasan kwaikwayo, in ya dawo gida ya zauna gaban kwamfuta. Shekara huɗu da rabi ya yi a haka, shi ya yi zane, shi ya yi kiɗa, shi ya rubuta labari, shi ya haɗa komai. Wasan ya fito a watan Fabrairun 2016, kuma an sayar da sama da miliyan 30. Kun san me ake yi a ciki? Noma. Ka gaji gonar kakanka ta zama saura, ka yi sassabe, ka yi shuka, ka yi ban-ruwa, ka kiwata kaji da shanu, ka gaisa da maƙwabta. Mutane a manyan biranen duniya suna biyan kuɗi don su ɗanɗani abin da manomin Faskari ke yi da guminsa kowace damina. Daɗin irin wannan wasa shi ne kana jin hannun mutum a cikinsa, kamar yadda ake gane hular da aka yi wa ɗinkin hannu.

Sai dai ba zan ɓoye muku aibinsu ba, kuma yana da yawa.

Na farko kuɗi. Switch ya fito a kan dala 300, wanda a canjin yanzu ya haura albashin wata huɗu na mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000. Shi ya sa a wajenmu waya ce na'urar gem. A wayar ma, wasa mai kyau na kuɗi ne, kuma daga 2022 bankuna da dama suka daina bari a yi sayayyar waje da katin naira, aka daɗe a haka. Sai yaro ya tafi wurin masu turi a bakin kasuwa, a zuba masa a memori tare da fina-finai. Wanda ya ƙera wasan ko sisi ba ya gani. Ciwon da ya kassara kasuwar faifan finafinan Hausa ke nan, mun san shi sarai.

Na kyautan kuwa, a nan ne nake son iyaye su buɗe kunne. Yawancinsu da talla suke cin abinci. Yaro na cikin wasa sai talla ta faɗo, wani lokaci ta cacar ƙwallo, wani lokaci hoton da ba ka so ɗanka ya gani. Na taɓa karɓar wayar wani yaro ɗan shekara tara a gidanmu don in ga me yake bugawa. Wasan jera 'ya'yan itatuwa ne, ba laifi a cikinsa, amma kafin in kai mataki na uku an nuna mini tallar caca sau biyu. Maganin wannan mai sauƙi ne: a kashe data kafin a miƙa wa yaro waya, yawancin tallar ba za ta shigo ba. Wasu wasannin kuma an gina su ne don su riƙe mutum kawai. Dong Nguyen, ɗan ƙasar Biyetnam da ya yi Flappy Bird, da kansa ya cire wasan daga kasuwa a Fabrairun 2014, lokacin da yake kawo masa maƙudan kuɗi, ya ce ya zame wa mutane jaraba. In mai abu ya faɗi haka, uban da ya ƙayyade wa ɗansa lokaci, ya ce sai bayan Islamiyya da aikin gida, bai yi zalunci ba.

Akwai kuma tarkace. A 2023 kaɗai wasanni sama da 14,000 aka zuba a kasuwar wasannin kwamfuta ta Steam. Da yawa kwafin juna ne, wasu kuma mai su ya watsar da su da kurakuransu.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. A gonar Stardew Valley dusar ƙanƙara ke sauka. Babu gero, babu dawa, babu auduga, babu gayya, babu ranar kasuwa da ake kora shanu. A tsakiyar garin da ke cikin wasan, mashaya ce matattara. Wasan ba ya jin Hausa. Ban ga laifin Barone ba, duniyar da ya sani ya zana. A Legas, kamfanin Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012 ya yi wasannin 'yan acaba da na kashe sauro, har da wani mai suna Aboki Run. Kalmar tamu ce, amma kun san yadda ake kiran ɗan Arewa da ita a can, kuma ba mu muka ba da labarin ba. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun yi ta fama da ɗaukewar wuta har suka fitar da Aurion a 2016, da sutura da almara irin na Afirka. Matsalar wutarsu irin tamu ce, kuma sun gama aikinsu.

Mu kuwa ga dara a ƙofar gida. Gurbi talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. Ka jera uku ka ci ɗaya na abokin karawarka, in ka jera huɗu ba ka ci komai ba. Dattawa na wuni a kanta a gindin bishiya, 'yan kallo na ta gardama. Wasa ne na lissafi da hangen gaba, ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar hoto mai nauyi, ƙaramar waya za ta ɗauke shi. Ga Gizo da Ƙoƙi, ga langa, ga carafke. Ina so in ga ranar da yaro a Sabuwa zai buɗe waya ya ji an ce masa "dara ta ci gida" da muryar mutanensa.

Kayan aikin ma ba su gagara ba. Akwai manhajar ƙera wasanni mai suna Godot, wadda wasu 'yan Ajantina biyu suka fara, aka sake ta kyauta ga kowa tun 2014, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo tana iya ɗaukarta.

Don haka kirana ga ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina: in lokacin aikin kammala karatu ya zo, wani a cikinku ya ɗauki dara. Ku yi ta yadda za ta yi aiki ba sabis, ba ta shan caji, rubutu da murya duk da Hausa. Malamai, ku karɓi irin wannan aiki ku ba shi maki. Kafin ku taɓa kwamfuta, ku zo Sheme ko Faskari ku durƙusa ku gaida dattawan da ke bakin gurbi, ku ce Baba a koya mana, ku rubuta ƙa'idojin daga bakinsu, domin kowane gari da irin tasa.



(KIƊAN RUFE SHIRI)